Waken Suya Da Danginsa A Ma'aunin Likitocin Gargajiya Na Indiya

   

Yau hirar tamu ta tukunya ce. Ba sai na gaya miki yadda nama ya yi tsada ba, uwargida, don ke ce ake miƙa wa kuɗin cefane. A gidaje da yawa sai a yi mako ba a ga tsoka cikin miya ba. Abin da ya cike gurbin shi ne wake da gyaɗa, sai kuma awara, wadda yanzu da wuya ki sami unguwar da ba a soya ta. To amma tare da awarar sai ga maganganu suna yawo a gidajen biki da suna. Wata ta ce waken suya yana rage ƙarfin maigida. Wata ta ce yana hana haihuwa. Wata kuma ta ce yana kawo maƙoƙo. Ga tsadar nama, ga tsoron awara, to da me za a gina jikin yara?

Don neman amsa, yau za mu leƙa ƙasar Indiya. Mun san ta a fim, mun san rawarsu da waƙarsu, amma ba mu cika duba kwanon abincinsu ba. Dalilin zuwa can kuwa shi ne babu ƙasar da ta kai Indiya yawan mutanen da ba sa cin nama. A wani bincike da cibiyar Pew ta Amurka ta fitar a shekarar 2021, kashi 39 cikin 100 na manyan Indiyawa sun ce su ba sa cin nama. Yawancinsu saboda addininsu ne, na Hindu ko na Jain, kuma haka suka gada kaka da kakanni. Mu ba a hana mu nama ba, aljihu ne ke hana mu. Amma wanda ya shekara ɗaruruwa yana rayuwa a kan wake da madara, ai yana da abin da zai koya wa wanda rashi ya kai shi ga waken.

Maganin gargajiyarsu mafi shahara sunansa Ayurveda, ma'anarsa ilimin rayuwa. A rubuce yake, cikin tsohon harshensu na Sanskrit. Babban littafinsa shi ne na wani malami mai suna Charaka, wanda ya kai kimanin shekara 2,000, sai na Sushruta wanda ya fi ƙarfi a kan fiɗa. Har yau ana karantar da su a makarantu, kuma a shekarar 2014 gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikata sukutum don kula da magungunan gargajiya.

A wurin waɗannan likitoci abubuwa uku ne ke tafiyar da jikin mutum. Na farko suna kiransa vata, wato iska. Na biyu pitta, wato zafi. Na uku kapha, wato sanyi da danshi irin na majina. In ukun suka daidaita, mutum yana lafiya. In ɗaya ya rinjayi sauran, ciwo ya samu. Wannan ba baƙon zance ba ne a kunnenmu, don mu ma mukan ce abu kaza yana sa zafi, abu kaza yana ta da sanyi.

Amma abin da nake so ki riƙe shi ne na huɗu, wanda suke kira agni, wato wuta. Sun ɗauki ciki tamkar murhu ne. Abincin da kika ci sai wutar ciki ta sake dafa shi kafin ya zama jini da tsoka. In wutar ta yi rauni, ko aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, sai abincin ya tsaya ɗanye-ɗanye, ya zama wani dauɗa da suke kira ama, wanda suke ganin shi ne mafarin cututtuka da yawa. Saboda haka in aka kawo wa likitan Ayurveda wani abinci, kafin ya tambayi amfaninsa sai ya tambaya: cikin wa zai shiga, yaya aka dafa shi, da me aka haɗa shi, kuma nawa za a ci? Charaka ya ba da shawarar a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya a bar shi sarari. Na san da jin haka kin tuna da hadisin nan da malamanmu ke karantar da mu a Islamiyya a kan raba ciki uku.

To me suka ce game da wake? Charaka ya ware wa dangin wake babi nasu. A dunƙule ya ce suna da bushewa, suna kuma ta da iska a ciki, don haka a riƙa cinsu da maiƙo. Daga nan sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ɗora a kan gaba shi ne wani ƙaramin koren wake da ake kira mung, saboda sauƙinsa a ciki. Shi ake dama wa majinyaci romonsa. Wanda ya sa a ƙarshe shi ne wani baƙin wake mai yauƙi da ake kira urad. Ya yarda yana ƙara ƙarfi da ƙiba, amma ya ce nauyinsa ya yi yawa a mayar da shi abincin kullum. Akwai adas, akwai wasu iri-iri. Har irin farin wakenmu suna da shi, suna kiransa lobiya, kuma asalinsa daga nan Afirka ya tafi can. A ɓangaren mai, man riɗi suka fifita a kan sauran man tsirrai, a na dabba kuma man shanu. Madarar saniya ita ce shugabar madara a wurinsu, sun kuma yabi tsala, wato nonon da aka kaɗe aka cire man, ga mai lalurar ciki.

Ga wani abu da mutane da yawa ba su sani ba. Littattafan nan ba su haramta nama ba. Charaka ya yi babi guda a kan naman dabbobi da tsuntsaye, ya yabi naman akuya, ya kuma ce a ba ramamme da wanda ciwo ya cinye romon nama don ya murmure. Wato ko a ƙasar masu ƙin nama, likitansu na farko ya san akwai lokacin da jiki ke bukatarsa. Ki ajiye wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu sai waken suya. In kin ji mai tallar magani yana cewa tsofaffin littattafan Indiya sun ce kaza game da waken suya, to ki yi hattara da shi. Charaka da Sushruta ba su yi bayaninsa ba. Asalin waken suya ƙasar Sin ne. A Indiya, mutanen kan duwatsun arewa, wajen Kumaon, sun daɗe suna noma wani baƙin irinsa da suke kira bhat. Ƙabilun arewa maso gabas kuma suna ruɓar da shi su yi abin miya mai ƙarfin wari, kamar dai yadda muke yin daddawa. A Sikkim suna kiransa kinema, a Manipur hawaijar. Amma ga sauran ƙasar baƙo ne. Mahatma Gandhi ya gwada shi a shekarun 1930, ya yi rubutu yana jawo hankalin mutane gare shi, bai dai karɓu sosai ba a lokacin. Sai daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa na 1970 nomansa ya kankama, bayan jami'o'in Pantnagar da Jabalpur sun yi aiki da jami'ar Illinois ta Amurka a kan iri. Jihar Madhya Pradesh ta rungume shi har ake mata laƙabi da jihar waken suya. Yawanci ana matse man ne, sauran kuma a yi abincin dabbobi, ko a sarrafa shi ya zama wasu busassun curi-curi da ake jiƙawa a zuba a miya a madadin nama.

Kin ga ke nan tarihinsa a can ya yi kama da namu. A Nijeriya ma baƙo ne. Mutanen Binuwai ne suka fara riƙe nomansa da gaske, kuma sai a shekarun 1980, da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan da wasu hukumomi suka shiga koya wa mata sarrafa shi, ya fara shiga tukunyar gida sosai. Kakanninmu ba su taso da awarar waken suya ba.

Likitocin Ayurveda na wannan zamani ne suka ɗauko ma'aunin magabatansu suka auna baƙon. Abin da akasarinsu ke faɗa shi ne: yana gina jiki ƙwarai, amma yana da nauyi, yana wahalar da wutar ciki, yana ta da iska. Don haka a jiƙa shi, a dafa shi ya nuna sarai, a ci da ɗuminsa, a sa masa citta da sauran kayan yaji, kada a cika ciki da shi, kuma mai raunin ciki ya fi kyau ya tsaya a kan wake mai sauƙi.

To, mu ajiye na gargajiya, mu ji na asibiti. Abin da ke gina jiki shi ne sinadarin da ake kira furotin. Da shi jiki ke yin tsoka, da jini, da nonon mai shayarwa, da shi yaro ke girma. Babban mutum yana bukatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a kullum. Wato mace mai nauyin kilo 60 tana bukatar kusan giram 50, mai ciki da mai shayarwa kuwa fiye da haka. A cikin giram 100 na busasshen waken suya akwai furotin giram 36 zuwa 40. A farin wake da mung kimanin 24. A gyaɗa kimanin 25. A gero kimanin 11, a shinkafa kimanin 7. Kin ga a dangin wake kaf, waken suya ne gaba, ga kuma mai kusan kashi 20 cikin 100.

Shi furotin kamar gini yake da tubali iri 20. Jiki yana iya ƙera wasu da kansa, amma guda 9 dole sai daga abinci. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya daga cikinsu mai suna laisin, wake kuma yana da shi da yawa. Wake yana da ƙarancin wani mai suna metiyonin, hatsi kuma yana da shi. In an haɗa su, kowa ya rufa wa ɗan uwansa asiri. Indiyawa ba su san waɗannan sunaye ba lokacin da suka mayar da shinkafa da miyar wake, wadda suke kira dal, abincinsu na yau da kullum. Suna da wani abinci mai suna kicidi, shinkafa da mung ake dafawa tare har su yi laushi kamar fate, a sa man shanu da citta da kurkur. Shi ake ba yaro, da tsoho, da wanda ya tashi daga ciwo. Mu ma ai muna da namu: shinkafa da wake, ƙosai da koko, ɗanwake, tubani, kunun gyaɗa, fura da nono. Ba ma sai a kwano ɗaya ba. In yara sun sha koko da safe suka ci wake da rana, haɗin ya yi.

Maganar ta da iska kuwa, bincike ya gaskata ta. A cikin wake akwai wasu nau'in sukari da hanjinmu ba ya iya narkarwa, sai ƙwayoyin halittar da ke babban hanji su cinye su, su fitar da iska. Shi ne kumburin ciki da kike ji. Jiƙa wake a zubar da ruwan yana rage su. Maganar nauyi ma haka. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ke tare aikin narkar da furotin a hanji, kuma wuta ce ke kashe shi. Akwai wani kuma mai suna faitet, wanda ke riƙe sinadarin ƙarfe da jiki ke yin jini da shi, ya hana jiki ɗauka. Jiƙawa, da barin wake ya tsiro, da tsimawa, duk suna rage shi. Mutanen kudancin Indiya suna markaɗa shinkafa da urad, su bar ƙullun ya kwana ya tashi, su turara shi ko su soya. Har suna da wani da suke soyawa a kasko mai ramuka kamar tandarmu ta waina. Bambancin kawai su suna sa wake a ƙullun. Wato wancan baƙin waken da Charaka ya ce ya yi nauyi, da dabarar kwanan ƙullu matansu suka sauƙaƙa shi.

Yanzu bari mu koma kan maganganun da ke yawo. Tushensu ɗaya ne. A cikin waken suya akwai wani sinadari mai suna aisofilabon, wanda siffarsa ta yi kama da sinadarin mata da ke tafiyar da al'ada da ɗaukar ciki. Kama ce kawai, ƙarfinsa bai kusanci na jikin mace ba. Game da maza, masana sun tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane suka duba su gaba ɗaya a shekarar 2010, aka sake yin haka a 2021, duka biyun ba a ga waken suya ya rage sinadarin mazantaka ba. Saboda haka ki zuba wa maigida awararsa hankali kwance. Game da haihuwa kuwa, mutanen Sin da Japan sun shekara ɗaruruwa suna cin awara kusan kullum, kuma babu hujjar da ta nuna cin ta daidai misali yana hana mace ɗaukar ciki. Wadda haihuwa ta yi wa jinkiri, ita da maigida su je asibiti a duba su, kada a ɗora wa awara laifi a zauna ana ɓata lokaci.

An kuma taɓa jin tsoron ko yana ƙara cutar dajin nono. A shekarar 2009 aka fitar da sakamakon wani bincike a birnin Shanghai na ƙasar Sin, inda aka bi mata fiye da 5,000 da suka yi wannan ciwo. Waɗanda suka fi cin abincin waken suya ba su fi sauran shiga haɗari ba, hasali ma dawowar ciwon da mutuwa sun yi ƙasa a cikinsu. Amma ki lura, abinci ake magana, ba ƙwayoyin aisofilabon da ake sayarwa a kwalba ba. Ta fuskar zuciya kuma, a 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda a rubuta a jikin kaya cewa furotin ɗin waken suya yana taimaka wa zuciya. A 2017 ta kawo shawarar janye wannan izini, don binciken baya ya nuna ragin kitsen jini da yake yi kaɗan ne. Abinci ne mai kyau, amma ba maganin hawan jini ko ciwon zuciya ba ne.

Maganar maƙoƙo ita ce ke da ɗan ƙamshin gaskiya. Babban abin da ke kawo maƙoƙo shi ne rashin sinadarin ayodin. Wanda ke da wannan rashi, yawan waken suya na iya ƙara masa matsala. Rigakafin mai sauƙi ne, ki riƙa amfani da gishirin leda mai ayodin, ki rufe shi kada ya sha iska. Wadda kuma likita ya ɗora a kan maganin ƙarancin aikin maƙoƙo, waken suya yana rage shigar maganin jiki, don haka ta bar tazarar awa 4 tsakanin shan magani da cin awara ko shan madararsa. Akwai kuma mutane ƙalilan da jininsu bai haɗu da shi ba. In yaro ya ci ya yi borin jini, ko leɓensa ya kumbura, ko numfashi ya yi masa wuya, a daina ba shi, a garzaya asibiti. Mai ciwon ƙoda ma ya tambayi likitansa yawan furotin da zai ci, ko na wake ne ko na nama.

To ina inda wake ya gaza? A nan ma Indiya ce za ta ba mu darasi. Akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi da ƙwaƙwalwar jariri ke bukata. Ba a dogara da wake ko hatsi ko ganye wajen samunsa. Yana cikin nama, kifi, ƙwai, hanta da nono. Ƙarancinsa ya yi yawa a tsakanin Indiyawa marasa cin nama, duk da madarar da suke sha. Haka kuma binciken lafiyar iyali na ƙasar, na 2019 zuwa 2021, ya nuna kashi 57 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Dalilan suna da yawa, ba rashin nama kaɗai ba. A ciki har da al'adar da mu ma muka sani: mace ta dafa, ta zuba wa maigida, ta zuba wa yara da baƙi, ita ta ci abin da ya rage a gindin tukunya.

Kin tuna Charaka da romon naman ramamme? To ashe bai yi kuskure ba. Wake da awara za su ɗauki mafi yawan nauyin, amma a bar wa abin dabba ɗan gurbi. Ba sai kilo guda na nama ba. Ƙwai ɗaya, ɗan busasshen kifi da aka daka a miya, kofin nono ko kindirmo, hanta ko sau ɗaya a mako, duk suna toshe wannan ɓaraka. Mai ciki da mai jego su ne kan gaba a rabon, sannan yaran da aka yaye. Ki kuma matsa lemon tsami a kan wake, ko ki haɗa da tumatir da zogale, don suna taimaka wa jiki ya ɗauki sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana hanawa, a bar shi sai an jima da cin abinci. Mai ciki kada ta ce wake ya isa, ta sha maganin ƙarin jini da ake ba ta wurin awo.

Jan kunne na musamman game da jarirai. Madarar waken suya da muke yi a gida ba nono ba ce, ko da fari ya zo ɗaya. Wata 6 na farko nonon uwa zalla. Bayan nan a fara kunu, kuma a nan ne waken suya ke da rana. Ki sami gwangwani 3 na gero ko dawa ko masara, gwangwani 1 na waken suya, da rabin gwangwani na gyaɗa mai kyau wadda ba ta yi fumfuna ba. Ki tafasa waken suyan, ki shanya, ki soya shi sama-sama a cire ɓawon, a haɗa a niƙa. Ki dama da kauri, kada ya zama tsararo, a ci gaba da ba da nono tare da shi har shekara 2.

Ga masu yin awara da madara kuma, ko ta gida ko ta sayarwa, ga abin kiyayewa. Ki tsince waken, ki jiƙa kimanin awa 8, lokacin zafi ki rage kada ya yi tsami. Ki zubar da ruwan jiƙon, ki wanke, sannan a markaɗa. Madarar waken suya tana da yaudara, takan yi kumfa ta taso tun ba ta tafasa ba. Ki rage wuta, ki riƙa juyawa, ki bar ta tana tafasa minti 15 zuwa 20. Wajen haɗa awara, ruwan tsami ko tsamiya ko lemon tsami sun wadatar. Man da aka soya har ya yi baƙi a daina maimaita shi. Kuma ba dole sai an soya ba, ki yanka ta ki zuba a miyar alayyafo ko ta tumatir, da citta da tafarnuwa, ta dahu a ciki. Wajen dafa farin wake ma, jiƙawa ta fi cika kanwa, don kanwa tana lalata wasu bitamin, kuma yawanta ba ya yi wa zuciyar mai jego kyau.

Abu na ƙarshe. Don mun yaba hikimar Indiyawa a kan abinci, ba shi ke nuna duk kwalbar da aka ce daga Indiya take a sha ba. Wani reshe na magungunansu da gangan ake haɗa shi da ƙarafa. A shekarar 2004 likitoci a birnin Boston na Amurka suka auna irin waɗannan magunguna guda 70 da ake sayarwa a shaguna, suka sami dalma ko zaiba ko arsanik a cikin 14, wato ɗaya cikin biyar. Mu kuwa mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Saboda haka in dillaliya ta shigo miki da garin ƙiba ko na ƙarin ni'ima ta ce na Indiya ne, ba lambar hukuma, ba bayanin abin da ke ciki, ki ba ta haƙuri. Abin da ya fi amfani a ilimin nasu ba a kwalba yake ba, yana cikin madafarki: jiƙawa, tsimawa, dafawa har ya nuna, haɗa hatsi da wake, ɗan maiƙo, ɗan yaji, da cin daidai ciki.

Ke ce kika san cikin kowa a gidanki. Kin san yaron da wake ke kumbura wa ciki, kin san tsohuwar da ba ta iya cin mai nauyi da dare. Ki fara musu da kaɗan, ki ba su da rana, ki ƙara a hankali har ciki ya saba. Kuma don Allah, in kin gama rabo, ki tabbata kwanonki ma akwai awarar a ciki. Gidan gaba ɗaya a kan lafiyarki yake tsaye.

A nan za mu dasa aya. Mai tambaya ko ƙarin bayani ta aiko mana, ko ta ba maigida ko yaro saƙo ya kawo, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya hore wa mazajenmu abin da za su riƙe mu da shi, ya raya mana zuri'a. Ku huta lafiya. Wassalamu alaikum.